Gasa kwaikwayo ce ko takara?

Tambaya: Malam don Allah ina son ƙarin bayani. Naji yayata tana cewa maƙwabciyarta "gasa take yi da ni", wai don duk kayan da ta ɗinka sai ita ma ta ɗinka irinsa. Ni kuma a sanina gasa ita ce kamar ta ƙwallo ko ta karatu. Shin ta yi daidai?

Amsa: Malama yayarki ta yi daidai, Hausa ce tsantsa ta yi miki. Gasa dama ta haɗa abu biyu ne, akwai kwaikwayo a ciki akwai kuma ƙin yarda a fi ka, wato ka ga wani ya yi abu kai ma kace sai ka yi irinsa ko wanda ya fi shi. Shi yasa zaki ji ana cewa gasa ta lalata harkar lefe, wance an kawo mata akwati shida toh ita ma wannan dole sai shida ko takwas, ko da kuwa angon bashi zai ci. Ba alƙali ba kofi, amma gasa ce sosai.

Ma'anar da kika sani ita ce tafi yawo a rediyo da jaridu, kamar gasar cin kofin duniya da aka fara a Uruguay a 1930, ko gasar Hikayata ta rubutun mata da BBC Hausa ta fara a 2016. A nan ana cewa a shiga gasa, a lashe gasa. Waccan kuwa ta zaman tare "yin gasa da wane" ake cewa.

Inda nake so ki kula sosai shine wa ake gasa da shi. Da tsaranka ake yi, ko wanda kake ganin ba abinda zai nuna maka. Kada ki yarda kice ina gasa da mahaifiyata ko malamina alhali nufinki kina bin halinsu, wannan koyi ne, kuma koyi akwai girmamawa a ciki, shi yasa ake cewa koyi da Manzon Allah (SAW). Abin yana damuna in naji yara suna haɗa su. Shi kuwa kwaikwayo bai damu da fifiko ba, yaro yana kwaikwayon tafiyar babansa, ba so yake ya fi shi ba. Takara kuma ta fi zama a siyasa da neman sarauta, inda kujera ɗaya ce mutum ɗaya zai hau.

Kuma gasa ba hassada ba ce. Mai gasa so yake ya samu irin naki, mai hassada so yake naki ya gushe. Maƙwabciyar nan in dai ɗinki kawai take bi, a gasa ta tsaya.

Sai furuci, wannan gasar ana jan "ga" ɗin, ita kuma gasa ta gasa nama ba a ja, a rubutu dai iri ɗaya suke sai jimla ta raba.