Alhaji, kafin ka sayi kyamarar gane fuska, wa ke riƙe da lambar sirrin?

Wani Alhaji mai shagon atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ya turo tambaya. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka a shago, a cikinta ake rubuta ciniki da bashi, da ita kuma ake shiga asusun banki. Ɗan ƙanwarsa ne ke kula da ita shekara uku ke nan. Bayan sallah ya zauna lissafi, sai ya ga kusan naira dubu 400 sun yi ɓatan dabo. Yaron ya ce wataƙila wani ne ya leƙi kalmar sirri, don haka a saita kwamfutar ta riƙa buɗewa da fuskar Alhaji kawai. Ya ƙara da cewa akwai wani dandalin kiripto da zai dawo da asarar cikin wata guda in an zuba dubu 200. Tambayar Alhaji ita ce, wace kyamara zai saya?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ce yaron nan ya taɓa kuɗinka ba, don ban gani ba. Kai ma ba ka gani ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Shekara uku mutum ɗaya ke rubuta ciniki, shi ke shiga banki, shi ke gaya maka abin da ya rage. Yau an yi ɓata, shi ne kuma ya zaɓa maka maganin ɓarawo, kuma na tabbata shi za ka miƙa wa ya saita maka.

Tsarin buɗe kwamfuta da fuska da yaron yake nufi sunansa Windows Hello, ya zo ne tare da Windows 10 a 2015. Yana cikin setin ɗin kwamfuta, sashen asusu, wajen hanyoyin shiga. Ba kowace kyamara ke yinsa ba, sai mai hasken infared, wadda ba a ruɗarta da hoton takarda. Kwamfutocin tokumbo da yawa ba su da ita. In taka ba ta da, wajen setin ɗin zai gaya maka, sai ka nemi ta sakawa irin Logitech Brio. Tsarin ba shi da laifi. Kamfanin Microsoft ya ce yiwuwar fuskar baƙo ta buɗe ba ta kai 1 cikin 100,000 ba, kuma bayanan fuskar a cikin kwamfutar suke zama.

Sai dai ga abin da ba a gaya maka ba. Windows ba ya yarda a saita fuska sai an sa lambar sirri tare da ita, domin ranar da kyamara ta kasa gane ka. Duk wanda ya san lambar nan zai shiga ba tare da ya kalli kyamara ba, har ma ya cire fuskarka ya sa tasa. In yaron ne ya zauna ya danna lambar ranar saitawa, to ka sa ƙofar ƙarfe ne a gaba, makullin ƙofar baya yana aljihunsa. Na biyu, fuska kwamfutar take tsarewa, ba ruwanta da banki. Wanda ya san kalmar shiga asusunka, kuma layin da ake turo lambar tabbatarwa yana cikin wayar shago, daga Rigasa ma zai tura kuɗi kana barci.

Na taɓa zama da wani mai sayar da gwanjo a Kasuwar Barci kan irin wannan. Mutumin kwaɗo uku yake ɗaure wa shago, amma wayar da alat ke shigowa tana cikin durowa, ƙaninsa ke caja ta. Da muka fitar da sitatimen ɗin banki, babu wata babbar sata. Dubu biyar yau, dubu takwas jibi, kati, data, kuɗin mai. Yaron da aka zaunar da shi bai ma musa ba. Cewa ya yi ai ba a biyansa albashi, yana ɗaukar na ɗawainiya ne. Maganar ta kai gaban mahaifiyarsu, kuma kowa ya san wanda aka ba haƙuri.

Kai ma in tambaye ka, nawa kake biyan ɗan ƙanwar taka a wata? In amsar ita ce "ai ɗana ne", ka yanka masa albashi daga wannan watan, a rubuce.

Gobe da safe ka je banki da ƙafarka. Ka canza kalmar shiga, ka karɓi sitatimen na wata shida, ka mayar da layin alat cikin wayar da ke aljihunka. Ka zauna da sitatimen ɗin da littafin ciniki layi-layi, kai da wani wanda ba ɗan gida ba. A kwamfutar kuma ka buɗe wa yaron asusunsa daban, na gama-gari wanda ba shi da ikon canza setin, naka na shugaba ya zama kai kaɗai. Ya rubuta ciniki a nasa, banki kuma daga naka kawai. Kullum kafin magariba a haɗa tsabar kuɗi, na POS da na taransifa, a gwada da abin da aka rubuta. Minti goma ne. In za ka tashi salla, danna maɓallin Windows tare da L, ta kulle.

Maganar kiripton kuwa, ba zan ɓata tawada ba. Kai da ke cin ribar ɗari biyar ko dubu a turmi ka fi kowa sanin babu hajar da ke ninka kanta a wata guda. Ka tambayi waɗanda MMM, dandalin nan mai alkawarin riba mai yawa, ta daskarar wa kuɗi a Disambar 2016. Kuma mutumin da lissafi ya ɓace a hannunsa bai kamata ya zo da shawarar a ƙara ba shi dubu 200 ba.

In ka gama waɗannan kana son fuskar don sauƙi, ka sayi kyamarar, ba za ta cutar da kai ba. Amma ka kai wa mai gyara wanda ba ya shiga shagonka, lokacin danna lambar ya juya baya, kuma kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambobin ƙarshen wayarka. In kana sa tabarau, ka sake nuna mata fuskar da shi a idonka. Sai ka rubuto mini abin da sitatimen ɗin ya nuna, mu ga yadda za a tunkari ƙanwar taka da maganar.