Amsar tambayarka a kan “to” na Ingilishi

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa a wasiƙar Ingilishi wani aikatau yake zuwa da “to” a gabansa, wani ya zo tsurarsa, wani kuma ya ɗauki “ing” a wutsiya, kuma yaya mutum zai horar da hannunsa har ya daina kuskure. Magariba ta kawo jiki, ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Na san inda ciwon yake. Mu nan Damagaram da Faransanci muka buɗe ido a lakwal, Ingilishi kuwa sai da muka shiga kolej. Don haka in Alhaji ya taso daga Kasuwar Dole ya zauna a bencinmu ya faɗi saƙonsa da Hausa, kai sai ka juya shi Faransanci a zuci, daga can ka ƙetara da shi Ingilishi. A wannan kewayen ne kaya suke zubewa. Alhaji ya ce “ina so ka aiko da kaya”, Faransanci ya miƙo maka “je veux que tu envoies”, sai ka rubuta “I want that you send”. Ba a faɗin haka, “I want you to send” ake cewa. Ita ma “pour” haka take jefa ku cikin “for”. Makon jiya na gyara maka “I came for collect the goods”, na mai da shi “I came to collect the goods”.

Ka ajiye Faransanci gefe, ka tashi daga Hausa kai tsaye. Saurari bakinka: ina so in saya, mun yarda mu biya, na zo in karɓi kaya, na roƙe shi ya jira. Ka ga ƴan kalmomin nan, in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, da muke sawa idan aiki bai auku ba tukuna, niyyarsa ake yi ko nemansa ake yi? Galibi su ne “to” a Ingilishi: “I want to buy”, “we agreed to pay”. Namu suna sauyawa da mai aikin, tasu ba ta motsi. In mai so shi ne mai yi, sai ka ɗora “to” kawai. In wani ake so ya yi, sai ka ambace shi kafin ta: “I asked him to wait”. Inda muka ce “kada”, su “not” suke sawa a gaban “to”: na ce masa kada ya biya, “I told him not to pay”.

Hausa za ta ƙara yi maka wani amfani. Mu muna raba “direba ya tsaya ya sha mai” da “direba ya daina shan mai a can”. Ingilishi ma yana raba su, amma da aikatau guda: “he stopped to buy fuel” shi ne ya tsaya ya saya, “he stopped buying fuel” shi ne ya daina saye. Wannan na koye shi da zafi. Ina sabon shiga aikin, wani ɗan kasuwa mai taya ya sa ni in sanar da dillalinsa na Legas cewa ya daina saye a wurin wani abokin gasarsa, don a sassauta masa farashi. Na bi “arrêter de” na rubuta “we stopped to buy from him”. Dillalin ya fahimci cewa har yanzu ana biyawa ta can ana saye, ya riƙe farashinsa. Sai da ciniki ya lalace aka gane daga alƙalamina ne. Bawan Allah bai yi mini faɗa ba, amma ya yi asara saboda ni, kuma har yau ina jin nauyin abin. Amana ce mutane suke ba mu, don ba sa iya karanta abin da muka rubuta da sunansu.

To amma kada ka ɗauki ma'aunin nan kamar mudun awo da ba ya ƙarya. Akwai wuraren da yake karyewa, su kuma sai hadda. Bayan “can”, “must”, “should”, “will”, “may” babu “to” ko kaɗan: dole in tafi, “I must go”, ko da yake “I have to go” ma daidai ne. Bayan “let” da “make” ma tsurarsa aikatau yake zuwa: “let me see”, “they made him pay”. Amma in ka juya zancen ba ka ambaci wanda ya sa shi ba, sai ta dawo: “he was made to pay”. Ga kuma “ya ƙi biya”, wanda babu ƴar kalmarmu a ciki, amma “he refused to pay” ne. “Finish”, “avoid” da “enjoy” su “ing” suke ja: mun gama lodi, “we finished loading”. Sai jimlar nan da muke rufe wasiƙu da ita, “we look forward to hearing from you”. Na ga kana son goge “ing” ɗin, bar shi. Waccan “to” ɗin daban ce, ma'anarta “zuwa ga”, kuma suna ne yake bin ta, shi ya sa aikatau yake ɗaukar “ing” a bayanta.

Wani abu kuma, tun da kana bin motocin Matamaye da Daura zuwa Kano. Za ka ji ana cewa “allow him go” ko “make him to pay”, za ka ji Pidgin yana cewa “make I go”. A bakin kasuwa ana fahimtar juna da su, ba kuma abin raini ba ne. Amma takardar da za ta tafi Dubai ko Guanzu ko banki, a nan “allow him to go” da “make him pay” za ka rubuta.

Batun atisaye kuwa, takardun cike gurbi da kuka saba a lakwal ba laifi, sai dai suna koya wa ido ne, ba sa koya wa baki. Ga yadda nake so ka yi. Sayi kaye guda, wato littafin rubutu, ka keɓe shi. Kowane aikatau ka ba shi shafinsa, kuma kada ka taɓa rubuta shi shi kaɗai, rubuta shi da abin da yake ja: “refuse to pay”, “ask him to wait”, “finish loading”. Fara da waɗanda aikinmu yake ci kullum: “want”, “need”, “agree”, “refuse”, “promise”, “decide”, “ask”, “tell”, “allow”, “expect”. Kowace rana ka tsinto jimla biyar daga bakin masu zuwa shagon nan, yadda suka faɗe su da Hausa. Da dare ka mai da kowace Ingilishi, ka faɗe ta da murya, ba a zuci ba. Sannan ka murɗa ta: sauya mai aikin, sa mata “kada”, mai da ita jiya, mai da ita tambaya. Jimla ɗaya ta haifi huɗu, ka ga ashirin ke nan a dare guda. Da safe kafin mu kunna kwamfuta ka karanta mini, in ji da kunnena. Wadda ka faɗi a kanta ka ja mata layi da jan biro, ta sake fitowa bayan kwana uku.

Ina matsa maka ne don aikin yana ƙaruwa. Kundin sake gina ƙasarmu Nijar da aka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wanda ya iya tashi daga Hausa ya sauka a Ingilishi kai tsaye, shi za a nema, kuma ina so ya zama kai ne.

Gobe mai atamfar nan zai dawo da saƙonsa na Dubai. Yana so a jira shi har ƙarshen wata, kada a loda kayan kafin ya ga hotunansu, kuma ya daina karɓar wancan launin. Kai za ka rubuta, ni zan duba kafin a tura.