Zan iya musayar rim da tayoyi tsakanin Hilux da Prado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai jan ƙafa huɗu, wadda nake zuwa gona da ita a wajen Sandamu, kuma tayoyinta 205R16C ne a kan rim na ƙarfe. Yayana yana da Prado ƙirar 2010 mai tayoyi 265/65R17, ya ce mu yi musaya na wannan daminar saboda nasa sun fi faɗi. Haka kuma an yi mini tallar rim ɗin Mitsubishi L200 guda huɗu da araha a Katsina, mai sayarwar ya ce tunda rami shida ne za su hau. Ina neman shawara.
Daga wani manomi a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba da damina mai albarka. Ƙidayar ramuka ita ce matakin farko, amma ita kaɗai ba ta raba gardama. Ana kuma auna faɗin da'irar da ramukan suke zaune a kai, kuma a nan motocin uku sun yi daidai, domin dukansu rami shida ne a kan da'irar milimita 139.7. Nissan Navara ƙirar D40 ma rami shida gare ta, amma da'irarta 114.3 ce, ita kuwa Land Cruiser 100 da 200 rami biyar ne a kan 150, saboda haka ko kusa ba sa shiga wannan lissafi.

Rim ɗin L200 dai ka bar wa mai shi abinsa. Ramin tsakiyarsa milimita 67.1 ne a ƙirar 2006 zuwa sama, alhali cibiyar ƙafar Hilux tana buƙatar 106.1, don haka zai tokare tun kafin ya zauna. Akwai masu cewa a kai shi wurin mai injin ya faɗaɗa ramin, ni kuwa ban yarda a sassaƙe ƙarfen da zai ɗauki buhunan gero a hanyar gona ba, komai arahar da aka samu.

Na Prado zai hau Hilux, domin ramin tsakiyarsu ɗaya ne, zaren notinsu ma ɗaya ne, kuma wasu manyan samfuran Hilux na wancan zamani da wannan girman taya suka fito daga kamfani. Sai dai ka karɓo rim ɗin tare da notukansa, saboda rim ɗin alminiyom na Toyota yana amfani da noti mai washa (zoben ƙarfe) da shimfiɗaɗɗiyar fuska, na ƙarfe kuma da noti mai tsinin baki, kuma idan aka haɗa su ba daidai ba notin kan kwance a hankali mota na tafiya. Bayan an ɗaura, a sa bakanike ya juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ya duba ko tayar tana gugar jikin mota, sannan a sake ɗaure notukan bayan tafiyar da ta kai kamar daga Daura zuwa Katsina.

Matsalar tana ɓangaren Yaya. Birkin gaban Prado ɗinsa babba ne, kuma yawanci rim mai inci 16 yakan taɓa shi, bayan haka siririyar tayarka za ta rage wa motarsa tsayi da kamun ƙasa. Idan yana son ya taimaka maka, gara ya ba ka aro ya nemi wasu masu inci 17, maimakon ya karɓi naka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tsayin taya. A cikin 265/65R17, lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ne a inci. Idan aka haɗa lissafin, tayar Prado takan kai milimita 776, taka kuwa kusan 735, bambancin da ya haura kashi biyar cikin ɗari. Ke nan agogon gudu zai riƙa nuna 100 alhali kana kusan 106, kuma za ka ji motar ta ɗan yi nauyin tashi idan ta yi lodi. Wannan mai sauƙi ne. Mai tsada shi ne a sa manyan biyu a baya a bar ƙanana a gaba, kamar yadda wasu kan yi don tsimi. Idan ka sa Hilux a giyar ƙafa huɗu, gaba da baya suna kulluwa su juya da gudu ɗaya, to in tsayin tayoyin ya bambanta, wahalar tana komawa kan akwatin rabon giya da haƙoran aksul, musamman a ƙasa mai tauri inda taya ba ta samun zamewa. Prado kuwa kullum da ƙafa huɗu take tafiya, saboda haka ta fi Hilux ƙin wannan gamin gambiza. Safaya ma tana cikin lissafin, domin in ka bar tsohuwarka a ƙarƙashin mota, ranar da ka yi faci a daji za ta zama ita ce bare a cikin huɗun. Ka nemi guda biyar, ba huɗu ba.

Kafin ka karɓa, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka kuma duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120 a kan taya ɗaya. Harafin C da ke jikin tayarka ta yanzu alamar tayar ɗaukar kaya ce mai ƙaƙƙarfan gefe, wadda ta fi jure kututture da ƙaya, yayin da mai faɗin ta fi ta hawa kan yashi. Idan hanyar gonarka ta fi yawan rairayi, karɓi na Yaya. Idan kuwa lodin taki da amfanin gona ne aikin motar, ka zauna da naka.