Ciwo ya tafi, barci bai dawo ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An cire mini nono ɗaya saboda ciwon daji, na gama shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, a Yamai, yanzu ina shan tamoxifen, ƙwayar da ke rage haɗarin dawowar ciwon. Likita ya ce jiki ya yi kyau, amma barci ya ƙaurace mini wata da watanni. Daga sallar isha'i nake kwanciya, in yi ta juyi, zufa ta tashe ni, tunani ya ɗora. Wasu sun ce in sayi ƙwayar barci, wata kuma ta ce akwai maganin da ake yi da zantawa kawai. Ashe magana tana sa barci? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya. Maganin zantawar yana nan, a takardun asibiti ana taƙaita sunansa TCC, wato gyaran tunani da ɗabi'a, kuma shi masana ke fara bayarwa kafin ƙwaya idan rashin barci ya kai dare 3 a mako har wata 3. Zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, sau 4 zuwa 8, galibi mako-mako. Sai dai zancen kaɗan ne, aikin a gida yake.

Ciwo da fargaba ne suka fara kore barcin, amma abin da ke riƙe shi yanzu daban ne. Kina kwanciya da wuri don ki rama, sai ki yi awoyi ido biyu, har jiki ya saba cewa shimfiɗa wurin tunani ce. Wannan sabon ake warwarewa.

Ki fara da rubutu na mako 2: yaushe kika kwanta, yaushe kika tashi, awa nawa kika yi barci a kimance. Kada ki riƙa duba agogo cikin dare. A ce kina awa 9 a kwance amma barcin awa 6 ne. To, awa 6 ɗin kaɗai za ki ba shimfiɗa. In kina tashi asuba ƙarfe 5 da rabi, ba za ki kwanta ba sai 11 da rabi. Ba a ragewa ƙasa da awa 5. Idan mako ya cika kina barcin kashi 85 cikin 100 na lokacin, wato fiye da awa 5 cikin 6 ɗin, sai ki ƙara minti 15. Haka har ki ƙoshi.

Makon farko da wuya, gyangyaɗi zai dame ki, kuma a nan wasu ke sarewa. Komawa barci bayan asuba da dogon barcin rana su ke rusa aikin, domin suna cinye yunwar barcin da ake tarawa don dare. In ya zama dole, ki ɗan rintsa bayan azahar, kada ya wuce minti 30. Mai farfaɗiya ko ciwon taɓin hankali ba ta wannan ragin sai da likita.

In kin kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ki tashi. Ki zauna kan tabarma cikin haske kaɗan, ki ja carbi, ki ajiye waya, sai barci ya ja ki ki koma.

Tsoron dawowar ciwo kuwa, a ba shi lokacinsa: minti 15 bayan la'asar, ki rubuta ko ki faɗa wa wadda kika yarda da ita abin da ke cin ki da abin da za ki yi a kai. In ya zo da dare, kin riga kin sallame shi.

Zufar mai yiwuwa daga tamoxifen take, zafin Afrilu da Mayu kuma ya ƙara mata. Ki sa tufafin auduga marar nauyi, ki ajiye ruwan randa kusa, shayi da goro da Nescafé a bar su daga azahar. Kada ki daina tamoxifen ɗin da kanki. In an rubuta miki maganin damuwa, ki faɗa kina shan tamoxifen, don paroxetine da fluoxetine suna rage masa ƙarfi. Valium, ƙwayar barci ta masu talla, kuma jiki na sabawa da shi, ranar da aka bari rashin barcin ya dawo da ƙarfi.

Sabon ƙullutu, ciwon ƙashi da ke tashin ki da dare, sarƙewar numfashi, ko baƙin cikin da ya wuce mako 2 ba ya ɗagawa, waɗannan kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti. Ki tafi da takardar barcin nan, ki roƙi likitanki ya haɗa ki da masanin.