Ga mai shekara 14 rabonsa da ikirari

Ɗan'uwa, ka ce shekara 14 rabonka da ikirari, wato furta zunubanka a gaban Fada, limamin cocin Katolika, addu'o'in sun ɓace maka, kana kuma jin nauyin Fada. Ni shekara 9 na yi a haka, tun zuwana Kumasi neman na kaina. Ran Lahadi bencin baya nake zama, in an tashi karɓar Jibi, wato gurasa mai tsarki, sai in sunkuyar da kai.

Kada ka shiga layin masu jiran ikirari. Ni ofishin cocin St. Peter's da ke Roman Hill na je, na ce ina son ganin Fada don ikirari mai tsawo, aka sa mini lokaci. Wanda ya ɗauko kaya irin namu, in ya san mutum 20 na jira a bayansa, rabin maganarsa zai haɗiye.

Kwana uku na yi ina shiri. Na ajiye Dokoki Goma a gabana, ina bin rayuwata zango-zango: zaman Aboabo, cinikin Kejetia, aurena. Manyan zunubai, Ikilisiya ta ce a faɗi irinsu da sau nawa. In lissafi ya kuɓuce, ka ce "kusan kowane wata, har shekara biyu", ya wadatar. Wanda ka manta da gaske an gafarta shi, ran da ka tuna sai ka faɗa a ikirari na gaba. Amma wanda ka ɓoye da gangan yana ɓata ikirarin duka, kuma a nan na fi shan wuya, domin akwai kuɗin wani da na riƙe. Dole na ƙudura mayarwa kafin in je.

Na rubuta komai a takarda. Kafin in zauna, gumin hannuna ya jiƙa ta har tawadar ta baje. Na fara da "Fada, shekara 9 ke nan, ban ma tuna yadda ake yi ba." Ya ce in kwantar da hankali. Da Turanci da Twi na haɗa na yi, addu'ar tuba kuwa shi yana faɗa ina maimaitawa.

Batun tonon asiri, cire shi a ranka. Dokar Ikilisiya ta haramta wa Fada faɗin abin da ya ji, ko da za a kashe shi.

Aikin tuban da ya ba ni, wato abin da Fada kan ce mutum ya yi bayan ikirari, ban fita cocin ba sai da na gama shi. Takardar kuma na ƙone ta a murhu da na koma gida.