Amsa kan keken fak: mai 140 ko mai 160?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya da dare. Ya ce keke ɗaya yake son saya, mai shok gaba da baya, wanda zai shiga fak da shi, wato wajen wasan keke a kan tudu mai hanyoyin da aka tsara, ya yi tsalle da gangare, kuma ranar da babu lif, wato abin da ke ɗaukar mutum da kekensa zuwa saman tudu, ya iya taka shi ya hau tudu da ƙafarsa. Yana tsakanin mai 140 da mai 160, ya rasa inda zai tsaya. To ɗan'uwa, ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ga sababbin shiga, waɗannan lambobi milimita ne, wato iya nisan da taya za ta nutse kafin shok ya kai ƙarshe. Keken gangare zalla yana da 200, na enduro, wato na gangare da ake iya takawa a hau tudu, 160 zuwa 180, wanda kake nema kuwa yana tsakiya. Ni dai shawarata, 150 ko 160 a baya, 160 ko 170 a gaba. Mai 140 zai yi maka a layukan fak, wato hanyoyinsa, da aka lallaɓa aka daddale, masu tudun tsalle mai shimfiɗaɗɗen sama kamar tebur, amma da zarar ka shiga gargadar da birkin mutane ya tona kafin kwana, kafin azahar hannuwanka sun mutu. Sai dai ka saurare ni da kyau, milimita goma ko ashirin ɗin nan ba su ne za su yanke hukunci ba. Abin da fak yake ci shi ne ƙarfin firam, taya, birki da rim. A yini guda na lif za ka yi gangaren da sai ka yi makonni kana takawa kafin ka tara irinsa, kuma duk wannan duka a jikin keken yake sauka.

Don haka kafin ka duba launi ko giya, buɗe littafin keken ka nemi rukunin da kamfani ya sa shi. Akwai ma'aunin ASTM, wanda ya raba kekuna rukuni-rukuni gwargwadon aikin da za su iya ɗauka, da yawancinsu suke bi. Rukuni na 3 tsallensa bai kai santimita 61 ba, wannan ka bar shi. Rukuni na 4 ya kai santimita 122 da gudun kilomita 40 a awa. Rukuni na 5 shi ne na manyan tsalle da gudun da ya wuce haka. Kekuna masu matsakaicin shok da yawa a na 4 suke, kuma ba laifi in layukan shuɗi, wato matsakaita, da na baƙi, wato masu wuya, na farko-farko kake bi. In kuwa burinka dirowa daga katakon da ya fi tsayinka, nemi na 5. Firam ya tsage a aikin da ba a yi shi dominsa ba, garanti ba zai saurare ka ba, balle kuma jikinka.

Sai shok na baya, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kekuna biyu za su iya zama 150 dukansu, ɗaya ka diro ka ji kwas, ya buga ƙarshe, ɗayan kuma ya karɓe ka lafiya lau. Bambancin yana cikin yadda aka tsara hannayen da ke danna shok ɗin. Kana son wanda yake da laushi a farko, yana ƙara tauri yayin da yake nutsewa. Kamfanoni kan rubuta wannan da kaso, to ka nemi kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. In ya kai haka, ko shok mai sifirin ka ɗora zai zauna. In bai kai ba, tsaya a mai iska, domin shi ana iya saka masa 'yan robobin nan da ke rage ɗakin iska, ƙarshensa ya yi tauri. Mai sifirin ya fi bin ƙasa kuma zafi bai cika canza shi ba, amma ya fi nauyi, kuma in nauyinka bai dace da sifirin ɗin ba sai dai ka sayi wani, kada ka yi ta ɗaure shi fiye da zagaye biyu. Ko wanne ka ɗauka, ya kasance mai ƙaramin tulun mai a gefe, irin Fox Float X ko RockShox Super Deluxe. Marar tulu, in gangare ya yi tsawo man ciki yana zafi ya tsinke, sai ka ji baya ya fara harbinka.

Yadda za ka daidaita shi kuwa: sa duk kayan da kake hawa da su, hular kwano da sulke da ruwa, ka hau keken ka tsaya a kan feda wani ya riƙe maka, ka tura zoben robar da ke kan sandar shok ya manne da jikin shok, ka sauka a hankali ba tare da ka danna ba. Auna. A baya kana neman kashi 30, wato in sandar shok ɗin milimita 60 ce, zoben ya matsa milimita 18. A gaba kashi 15 zuwa 20. Don Allah kada ka cika iska wai don kada ya buga ƙarshe, taya za ta daina kama ƙasa a kwana. Ƙara roba ɗaya a ciki, ka bar iskar yadda take. Kuma maɓallin dawowa, wanda yawanci ja ne, in ka sake shi da yawa baya zai watsa ka gaba a bakin tsalle. Wannan faɗuwa ce mummuna. Rufe shi kaɗan-kaɗan, ƙas ɗaya ko biyu, kana gwadawa a ƙaramin tsalle.

Fok na gaba, duba kaurin sandunansa. Fox 34 ya yi siriri ga wannan aiki, zai riƙa lanƙwasa in ka taka birki a duwatsu. Fox 36 ko RockShox Lyrik su ne daidai. In kana da jiki, ka haura kilo 85 ko 90, to Fox 38 ko ZEB. Marzocchi Bomber Z1 ma yana da juriya, ba shi da tarin maɓallai. Kada ka ƙara tsawon fok ya wuce abin da mai firam ya yarda da shi. Kowane milimita 10 yana kwantar da wuya kusan rabin digiri, yana kuma ƙara wa waldar wuyan nauyi.

Tsarin firam a taƙaice: kusurwar wuya digiri 63.5 zuwa 65. Ƙafar baya, daga tsakiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya, milimita 430 zuwa 440 in kana son keke mai saurin ɗaga kai da juyawa a iska, abin da ya fi haka ya fi natsuwa a gudu amma sai ka yi da gaske kafin ka ɗaga shi. In ka faɗa tsakanin sayis biyu, don tsalle ɗauki ƙaramin. Taya kuma, wanda ake ce wa mulet, 29 a gaba 27.5 a baya, ya dace da fak sosai: gaba yana haye ramuka, baya kuma ba ya dukan mazaunanka in ka koma baya a gangare mai tsaye. Santa Cruz Bronson, Transition Patrol da Specialized Status 160 duk a wannan tsari aka yi su, za ka iya fara dubawa daga nan ka kwatanta.

Alminiyam ko kabon? Don fak ni alminiyam zan ce maka. Keken zai sha bugu a ƙugiyar lif, dutse zai fallatsa masa, za ka yar da shi. Alminiyam in ya loɓa kana gani da idonka, kabon kuwa yakan ji ciwo a ciki waje yana sumul. Nauyin kilo 16 ko 17 ba abin damuwa ba ne a nan, kuɗin da ka rage a firam ka zuba shi a birki da taya.

Birki dole mai fistin huɗu, irin SRAM Code, Shimano SLX ko XT masu huɗu, ko Magura MT5. Faifan birki milimita 200 gaba da baya, mai nauyi ya sa 220 a gaba. Takalmin birki na ƙarfe, ba na roba-roba ba, don shi ne yake jure zafi. Kuma kada a kuskura a haɗa mai: Code yana shan man birki na DOT, Shimano da Magura man minaral suke sha. Ka zuba wanda ba nasa ba, robobin ciki su kumbura, birkin ya tashi aiki.

Taya ita ce abin da kusan kullum za ka canza tun ranar farko, domin kamfanoni suna sa mai siririn jiki don keken ya yi sauƙi a sikeli. A tayoyin Maxxis, EXO, wato mai siririn jikin, ba ta fak ba ce. Sa masu kaurin jiki, DoubleDown ko DH, a baya, gaba ko EXO+ za ta iya in ba ka da nauyi. Assegai a gaba da Minion DHR II a baya haɗi ne da aka daɗe ana amfani da shi. Tubles, wato ba tiyub, da ruwan faci a ciki. Iska ka fara da kamar 24 a gaba, 27 a baya a ma'aunin psi, ka ƙara biyu in layin tsalle za ka wuni, don taya mai laushi tana naɗewa a kwana har ta yi gyatsa ta zubar da iska. In kana yawan lotsa rim, saka soson kariya irin CushCore a baya. Bayan yini biyun farko ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya, sabuwar wili tana saki.

Ƙananan abubuwa: firam mai ramukan ISCG 05 don ka ɗaura mariƙin sarƙa da garkuwar ƙasa, hannun feda gajere milimita 165 don kada ya riƙa dukan dutse, da sandar sirdi mai sauka da ke nutsewa sosai ta ba ka wuri.

In na hannu za ka saya, wanke shi tukuna sannan ka haska tocila a waldar wuya, wajen da shok yake ɗaure, da ƙafar baya kusa da birki. Layi siriri kamar gashi a fenti, ka bar keken nan. Ɗaga sirdi a hankali, in ka ji ƙwas-ƙwas to bushin shok ya ci. Kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa boris ɗin mahaɗai ne ko na hob. Shafa farce a sandunan fok, duk ƙarzar da farce ya kama za ta yanka roba mai ya riƙa zuba. Tambayi mai shi yaushe aka yi sabis: RockShox suna cewa a canza man ƙafafun fok duk awa 50 na hawa, babban sabis a awa 200, Fox kuma awa 125 ko shekara guda. In ya kasa ba ka amsa, ka lissafa sabis ɗin a cikin cinikin.

Ɗan'uwa, turo mana tsayinka da nauyinka da kayan hawa a jikinka, da kuma kekuna biyu ko uku da ka sa wa ido, sai mu duba sayis da lambar sifirin tare. Wassalam.