Tambaya da Amsa: Na daina sha'awar kimiyya, ko dai ba ni da kanta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a sakandare ɓangaren kimiyya, da can ina son bayoloji da kimistiri sosai amma yanzu wallahi ko littafin ba na son gani. Kuma fa ina karatu, in jarabawa ta matso kwana nake ina hadda har sai na ji abin ya zauna, amma a fiziks da an ɗan juya tambaya sai in rasa ta inda zan fara. Dan Allah ko dai kimiyyar ba tawa ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai ban ga alamar kanki ne da matsala ba, yadda kike karatun ne yake cinye miki sha'awar. Kin sha wahala kin kwana ido biyu, sakamako ya fito ba daɗi, to wa zai ci gaba da son abin da kullum yake ba shi kunya?

Mutane suna ɗauka sai sha'awa ta zo sannan a yi karatu, alhali sau da yawa ita ce take biyo baya. Wani masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi bayani tun 1977 cewa babban abin da yake sa mutum ya yarda zai iya abu shi ne ya taɓa gwadawa da kansa ya ga ya iya. Ranar da kika warware lissafin fiziks ɗaya ke kaɗai ba ki leƙa amsa ba, za ki ji wani daɗi da hadda ba ta taɓa ba ki ba, kuma shi zai dawo da ke kan littafin gobe.

Ita kuwa haddar dare ɗaya, tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma in aka rarraba bita a kwanaki daban-daban abin ya fi zama. Saboda haka rabin awa kullum ya fi miki kwana guda cur kina gyangyaɗi a kan tebur.

Sai abin da na fi so ki riƙe, in kin gama karanta babi ki rufe littafin ki ɗauko farar takarda ki rubuta abin da kika tuna, ko ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu daga ka, sannan ki buɗe ki ga inda kika yi kuskure. Da farko zai ba ki haushi kam, za ki ga kamar ba ki san komai ba, ai dama maimaita karantawa ruɗin mutum yake yi ya ɗauka ya iya don kawai idonsa ya saba da shafin.

Ki fara da tambayoyi masu sauƙi, uku ma sun isa a rana. Wadda ta gagare ki ki kai wa malaminku tare da inda kika tsaya, kar ki ce masa kawai ba ki gane ba.